Dalilin da ya sa masana ke tara hotunan ƙwaƙwalwa wuri guda domin fahimtar taɓin hankali

Idan mutum ya je asibiti da zazzaɓi, ɗigon jini kan isa a gane ko maleriya ce ke damunsa. Idan ƙashi ya karye, hoto zai nuna inda ya karye. Amma idan ciwon damuwa ne ya kama shi, ko ya fara jin muryoyin da babu wanda ke jin su sai shi, har yau babu gwajin jini ko hoton da likita zai duba ya ce ga cutar nan. Abin da likitan ƙwaƙwalwa ke dogaro da shi shi ne hira da majinyacin da iyalinsa, da lura da halinsa na tsawon lokaci, da kuma ƙwarewar aiki.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, na fama da wata lalura ta hankali. Daga cikinsu kimanin miliyan 280 ciwon damuwa ne ke damunsu. Wasu kimanin miliyan 24 kuma na fama da sikizofireniya, cutar da ke sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi, ya kuma yi imani da abin da ba gaskiya ba.

Kusan shekaru 50 ke nan masana na leƙa cikin ƙwaƙwalwa da na'urori domin neman alamar waɗannan cututtuka. An wallafa dubban bincike, amma sau da yawa abin da wannan jami'a ta gano, waccan ba ta gan shi ba. A shekarun baya-bayan nan masanan suka gane cewa babban laifin na salon aikinsu ne, domin kowa na aiki shi kaɗai da 'yan mutane ƙalilan. Maganin da suka koma gare shi abu ne da manomi ya daɗe da saninsa, wato aikin gayya.

Abin da hoton ke nunawa

A shekarar 1976 wata likita mai suna Eve Johnstone, tare da abokan aikinta a wani asibiti da ke Landan, ta ɗauki hoton kan majinyata 17 masu sikizofireniya da na'urar CT. Sun ga cewa ramukan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda ke cike da ruwa, sun fi na masu lafiya girma. Wannan binciken ya ƙarfafa ra'ayin cewa cutar na da tushe a jikin ƙwaƙwalwa, ya kuma buɗe ƙofa ga masu biyo baya.

Daga baya na'urar MRI ta karɓe fagen. Ita tana aiki ne da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyar rediyo, kuma masu bincike sun fi amfani da ita ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko tana auna siffa: girman kowane sashe na ƙwaƙwalwa da kaurin ɓawonta, wato shimfiɗar waje mai lanƙwashe-lanƙwashe. Hanya ta biyu, wadda ake kira fMRI, tana bin sawun jini ne. Duk sashen da ya shiga aiki yakan ja ƙarin jini mai ɗauke da iskar oksijin, na'urar kuma ta lura da wannan canjin. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Seiji Ogawa, shi ya bayyana tushen wannan dabara a 1990.

A nan akwai abin lura. Hotunan nan masu launin ja da ɗorawa da ake gani a jaridu, ana cewa ga inda tsoro yake ko ga inda baƙin ciki yake, ba haka na'urar ke fito da su ba. Kwamfuta ce ke raba ƙwaƙwalwar zuwa dubun dubatar ƙananan gidaje, ta yi lissafi a kan kowanne, sannan ta shafa launi a inda lissafin ya nuna bambanci. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan fagen abin da ido ke gani sakamakon lissafi ne, kuma lissafi na iya yin kuskure.

Inda gizo ke saƙar

Ɗaukar hoton MRI na da tsada. A ƙasashen Turai da Amurka awa guda a kan na'urar bincike na cin ɗaruruwan daloli, ga wahalar samun majinyatan da za su yarda su kwanta cikin rami mai ƙara ba tare da motsi ba. Saboda haka mafi yawan masu bincike sukan tsaya a kan mutum 20 ko 30.

Duk ɗan kasuwar hatsi ya san cewa ba a yanke hukunci a kan mota guda ta masara da tafi ɗaya da aka ɗebo daga bakin buhu ɗaya. Ƙwaƙwalwar mutane ta bambanta kamar yadda fuskokinsu suka bambanta. Idan aka kwatanta majinyata 15 da masu lafiya 15, abu ne mai sauƙi a ga wani bambanci da ya faru bisa dace kawai, a ɗauka cutar ce ta kawo shi. Haka kuma abu ne mai sauƙi bambancin gaske ya ɓace ba a gan shi ba.

A 2013 Katherine Button da abokan aikinta a Birtaniya sun yi nazarin tarin binciken da aka wallafa a kimiyyar ƙwaƙwalwa. Sun ƙiyasta cewa matsakaicin bincike a fagen na da damar kashi 21 cikin 100 kacal na gano abin da yake nema, ko da abin na nan da gaske. A ɓangaren binciken da ke auna girman sassan ƙwaƙwalwar masu lalurar hankali kuwa, damar ta sauka zuwa kashi 8 cikin 100.

Tun kafin nan, a 2009, wani matashin masani a Amurka mai suna Craig Bennett ya gabatar da sakamakon wani gwaji da ya ba mutane dariya kuma ya tsorata su. Ya sa mataccen kifi cikin na'urar fMRI, ya nuna masa hotunan mutane, sannan ya yi lissafi ba tare da gyaran da ya kamata a yi ba idan ana duba dubban gidaje a lokaci guda. Sai ga launi ya bayyana a kan kifin, kamar yana tunani. Darasin shi ne, wanda ya duba wurare dubu goma yana neman bambanci, dole ya same shi a wasu wuraren ko da babu komai.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ɗabi'ar mujallun kimiyya. Sun fi son wallafa binciken da ya ce ya gano wani abu, wanda bai ga komai ba kuwa yakan ƙare a aljihun tebur. Ta haka sakamakon dace ya yi ta taruwa a rubuce, mai karatu na ɗauka hujja ce.

A watan Maris na 2022 mujallar Nature ta wallafa binciken da ya fito da girman matsalar fili. Scott Marek da Nico Dosenbach na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, tare da wasu, sun yi amfani da hotunan mutum kusan 50,000. Suka riƙa ɗebo ƙananan rukuni daga ciki, suna gwada alaƙar siffar ƙwaƙwalwa da halayyar mutum. Da suka ɗebi mutum 25, adadin da suka ce shi ne matsakaici a irin wannan bincike, rukuni biyu kan iya ba da amsoshi masu kishiyantar juna. Amsa ba ta fara tsayawa da ƙafafunta ba sai da adadin ya kai dubbai. Wannan bai soke amfanin ƙananan bincike gaba ɗaya ba, domin suna da rana idan ana auna mutum ɗaya sau da yawa, misali kafin magani da bayansa. Amma idan ana son sanin abin da ya bambanta masu cuta da masu lafiya a cikin al'umma, babu makawa sai an samu jama'a masu yawa.

Thomas Insel, wanda ya shugabanci cibiyar binciken lafiyar hankali ta gwamnatin Amurka daga 2002 zuwa 2015, ya amsa da bakinsa a 2017 cewa a zamaninsa an kashe kimanin dala biliyan 20, an wallafa takardu masu burgewa, amma bai ga abin ya rage yawan masu kashe kansu ko kwanciya asibiti ba.

Yadda gayyar ta faro

Babu jami'ar da ke da kuɗin ɗaukar hoton majinyata dubu biyar ita kaɗai. Amma idan cibiyoyi 40 kowace na da 100 ko 150 a ajiye, an riga an biya kuɗin, abin da ya rage shi ne a haɗa su.

Masanan ba su karɓi shawarar da hannu biyu ba tun farko. Wajen shekarar 2000, lokacin da Michael Gazzaniga ya jagoranci kafa rumbun ajiyar hotunan fMRI a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, aka kuma nemi masu wallafa bincike a wata mujalla su riƙa zuba bayanansu a ciki, masana da dama sun yi ca a kan tsarin. Wasu na tsoron wani ya ci moriyar guminsu, wasu na damuwa da sirrin majinyata.

Sannu a hankali ra'ayi ya sauya. A 2004 aka fara shirin ADNI a Amurka domin bin sawun cutar mantuwa ta tsofaffi, da sharaɗin cewa masu bincike a ko'ina za su iya neman bayanan. A ƙarshen 2009 cibiyoyi fiye da 30 suka saki hotunan mutum fiye da 1,000 a intanet kyauta. A 2012 shirin ABIDE ya tara hotunan mutum 1,112 daga cibiyoyi 17 domin nazarin lalurar galahanga. A 2016 aka fito da wata ƙa'ida mai suna BIDS, wadda ta tsara yadda za a jera fayiloli da yadda za a sa musu suna, domin masani a Indiya ya buɗe aikin masanin Jamus ya gane shi ba tare da tambaya ba. Rumbun OpenNeuro, wanda Russell Poldrack na Jami'ar Stanford ke jagoranta, a kan wannan ƙa'idar yake tafiya. Daga watan Janairun 2023 kuma hukumar NIH, wadda ke ba da mafi yawan kuɗin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, ta wajabta wa masu neman tallafinta su bayyana yadda za su adana bayanansu da yadda za su raba su.

A gefe guda an kafa manyan shirye-shiryen da tun daga tushe aka tsara su domin amfanin kowa. Shirin UK Biobank ya ɗauki mutum 500,000 a Birtaniya tsakanin 2006 da 2010, ya kuma sa niyyar ɗaukar hoton 100,000 daga cikinsu, adadin da ya cika a 2025. Shirin ABCD na bin yara kusan 12,000 a cibiyoyi 21 na Amurka tun suna da shekara 9 zuwa 10, domin a ga abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa kafin lalura ta bayyana.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ba ta buƙatar hoto ya bar gidansa. Ita ce ƙungiyar ENIGMA ta fi shahara da ita. An kafa ta a 2009 ƙarƙashin jagorancin Paul Thompson, wanda yanzu ke Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma zuwa 2020 ta haɗa masana fiye da 1,400 daga ƙasashe fiye da 40. Tsarinta shi ne a amince da hanyar awo guda ɗaya, a aika wa kowace cibiya, kowa ya auna hotunan da ke hannunsa, sannan ya turo alƙaluman da suka fito. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan da sauri: kamar a ce hedikwata ta aika wa jihohi fom iri ɗaya, kowace ta cike ta dawo da shi, ba tare da an kwashe fayilolin ma'aikata zuwa Abuja ba.

Abin da aka gano

Sakamakon farko mai muhimmanci a kan ciwon damuwa ya fito ne a 2016, ƙarƙashin jagorancin Lianne Schmaal. An kwatanta majinyata 1,728 da masu lafiya 7,199 daga rukuni 15. An daɗe ana cewa sashen da ake kira hifokamfus, wanda ke da hannu wajen adana abin da mutum ke tunawa, yakan ƙanƙance a masu wannan ciwo. Babban binciken ya tabbatar da haka, amma ya nuna cewa ragin bai wuce kashi 1.24 cikin 100 ba. Ya kuma nuna cewa ana ganinsa ne a waɗanda ciwon ya sha dawo musu, ba a waɗanda ya kama karon farko ba.

A kan sikizofireniya, an kwatanta majinyata 2,028 da masu lafiya 2,540 daga cibiyoyi 15. An tabbatar da abin da Johnstone ta gani shekaru 40 kafin nan, cewa ramukan ruwa sun fi girma, an kuma ga cewa hifokamfus da wasu sassan ciki sun fi ƙanƙanta. A 2018 wani binciken mai majinyata 4,474 daga cibiyoyi 39 ya nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi siranta, musamman ta wajen goshi da gefen kai. Bambancin a nan ya fi na ciwon damuwa girma.

A kan lalurar baifola, wadda ke kai mutum daga matsanancin zumuɗi zuwa matsanancin baƙin ciki, nazarin mutum 6,503 ya nuna siranta a ɓawon ƙwaƙwalwa, amma masu shan maganin litiyam nasu sirantar ba ta kai ta sauran ba.

A 2022 kuma Richard Bethlehem na Jami'ar Kambrij da Jakob Seidlitz, tare da ɗaruruwan abokan aiki, sun haɗa hotuna 123,984 na mutum 101,457, tun daga ɗan tayi har zuwa mai shekara 100. Da su suka zana jadawalin girman ƙwaƙwalwa a tsawon rayuwa, kwatankwacin katin awon da ake ba uwa a asibiti domin a ga ko nauyin jaririnta ya dace da watanninsa. Masu aikin sun yi gargaɗin cewa jadawalin bai kai matsayin da likita zai yi amfani da shi a kan majinyaci ba tukuna.

Babban darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne, bambancin gaskiya ne, amma ƙarami ne. A matsakaici maza sun fi mata tsawo, amma wanda aka gaya wa tsawon mutum kawai zai sha yin kuskure wajen faɗin jinsinsa. To, bambancin ƙwaƙwalwar mai ciwon damuwa da ta mai lafiya bai ko kusa da na tsawon maza da mata ba. Akwai masu lafiya da dama da hifokamfus ɗinsu ya fi na majinyata ƙanƙanta. Ban da haka, hoto ba ya faɗin wane ne ya riga wani. Yana iya yiwuwa canjin ne ya haifar da cutar, ko cutar ce ta haifar da shi, ko kuma magani, shan taba, rashin barci da ƙuncin rayuwa ne suka bar tabonsu.

Buɗe rumbuna ya kuma ba masanan damar binciken kansu. A 2016 Anders Eklund da Hans Knutsson na ƙasar Siwidin, tare da Thomas Nichols, sun ɗauki hotunan mutum 499 masu lafiya daga bayanan da aka saki, suka raba su rukuni-rukuni bisa ƙuri'a, inda bai kamata a ga wani bambanci ba. Wasu hanyoyin lissafin da aka saba amfani da su sun nuna bambancin ƙarya har kashi 70 cikin 100 na gwaje-gwajen, alhali kashi 5 ake tsammani. A cikin aikin ne suka gano wani kuskure da ya yi shekara 15 a cikin wata sananniyar manhaja, aka kuma gyara shi. A 2020 aka ba rukunin masana 70 hotuna iri ɗaya da tambayoyi tara iri ɗaya. Babu rukuni biyu da suka bi hanya ɗaya sak, kuma amsoshinsu sun saɓa a kan yawancin tambayoyin. Da kowa ya ci gaba da kulle bayanansa, da babu wanda zai san da wannan.

Ƙalubalen da suka rage

Na farko shi ne bambancin na'urori. Mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, haka na'urar Siemens ba ta auna ƙwaƙwalwa daidai da ta Philips ko ta GE, kai ko na'ura ɗaya ma awonta kan motsa bayan an sabunta ta. Idan mafi yawan majinyata a wata cibiya aka ɗauke su, masu lafiya kuma a wata, sai a ɗauki bambancin na'ura a matsayin alamar cuta. Masana na amfani da dabarun lissafi, irin su ComBat da aka aro daga nazarin ƙwayoyin halitta, domin daidaita mudun. Haɗarin shi ne wajen share bambancin na'ura a haɗa da bambancin gaske.

Na biyu shi ne sunan cutar kansa. Mutum biyu na iya ɗaukar suna ɗaya na ciwon damuwa, ɗaya ba ya barci ba ya cin abinci, ɗayan kuma barci da ci sun yi masa yawa. Idan cututtuka daban-daban ne aka rufe da suna ɗaya, tara dubban hotuna ba zai raba su da kansa ba. A 2017 wani bincike ya ce ya raba ciwon damuwa gida huɗu ta hanyar hoto, aka yi ta yaɗa labarin. Bayan shekara biyu wasu masana suka bi hanyar a kan wasu majinyata, ba su samu tabbacin rabuwar ba.

Na uku shi ne sirri. Hoton MRI na kai yana ɗauke da siffar fuska. A 2019 masana a asibitin Mayo na Amurka sun sake gina fuskokin mutum 84 daga hotunan kansu, manhajar gane fuska kuma ta gano 70 daga cikinsu daidai. Shi ya sa ake goge ɓangaren fuska kafin a saki hoto, wasu rumbunan kuma ba sa buɗewa sai ga wanda ya sa hannu a yarjejeniya. Ga mai lalurar hankali, tonuwar asiri na iya jawo asarar aiki ko mutuwar aure, don haka wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Su wa aka bari a baya?

Ƙalubale na huɗu shi ya fi shafar mu. Mafi yawan hotunan da ke cikin waɗannan rumbuna na mutanen Turai da Arewacin Amurka ne. A UK Biobank fiye da kashi 90 cikin 100 na mahalarta fararen fata ne. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa manhajojin da aka koyar da su hasashen halayya daga hoton ƙwaƙwalwa sun fi yin kuskure a kan baƙaƙen fatar Amurka fiye da fararen. Idan haka ta faru tsakanin mutanen ƙasa ɗaya, babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa ma'aunin da aka gina a Ingila zai dace da yaron da ya tashi a Gusau, wanda abincinsa, zazzaɓin da ya sha a ƙuruciya da yanayin rayuwarsa duk daban ne.

Dalilin rashin namu hotunan a bayyane yake. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya samu na'urorin MRI 84 kacal a Afirka ta Yamma baki ɗaya, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. Ƙwararrun likitocin taɓin hankali a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga al'umma fiye da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri aikin jinya ya fi yi musu yawa. A nahiyar, Afirka ta Kudu ce ta fi shiga irin wannan haɗin gwiwa, musamman ta hannun Jami'ar Cape Town. Ana kuma gwada ƙananan na'urori masu taya, masu ƙarfin tesla 0.064 maimakon 1.5 ko 3 na manyan asibitoci, a ƙasashe irin su Malawi, domin auna girman ƙwaƙwalwar yara da kuɗi kaɗan.

Shigarmu cikin gayyar na buƙatar amana kafin na'ura. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Batun ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata shi ne ƙashin bayan shari'ar da ta biyo baya, wadda aka sasanta a wajen kotu a 2009, kamfanin kuma bai amsa laifi ba. Yau akwai dokokin da babu su a wancan lokacin. Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa hannu a kanta a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. Tsari irin na ENIGMA, inda hoto ke zama a gida alƙaluma kawai ke tafiya, ya fi dacewa da waɗannan sharuɗɗa, kuma yana barin horo da ƙwarewa a hannun masanan gida.

Ga mai majinyaci a gida

Idan likita ya tura mai lalurar hankali ɗaukar hoton kai, akasari yana son ya tabbatar ne cewa ba ƙari ba ne, ko shanyewar ɓarin jiki, ko rauni, ko wata cutar da ke kwaikwayon taɓin hankali. Wannan dalili ne mai kyau, musamman idan lalurar ta zo farat ɗaya ga babban mutum, ko ta zo da farfaɗiya ko matsanancin ciwon kai. Idan hoton ya fito lafiya lau, hakan ba ya nufin majinyacin ƙarya yake yi ko babu abin da ke damunsa. Mafi yawan masu ciwon damuwa da sikizofireniya hotonsu haka yake fitowa a idon likita.

Haka nan duk wanda ya ce zai duba hoton ƙwaƙwalwa ya faɗi irin ciwon damuwar da ke damun mutum da maganin da zai yi masa aiki, ya yi gaba da abin da ilimi ya tabbatar zuwa yau. Kuɗin da za a kashe a can ya fi amfani a wajen ganin ƙwararren likita, sayen magani a kan kari da komawa asibiti ranar da aka sa. Magungunan da ake da su da jinya ta hanyar tattaunawa suna taimakon mutane da yawa, kuma ba sa jiran sai an kammala wannan binciken.